GOV.UK: Yadda aka sake gina shafin gwamnatin Birtaniya domin makaho da mai ido su shiga ta ƙofa ɗaya

Duk wanda ya taɓa neman bizar Birtaniya, daga Kano yake ko Yamai ko Kumasi, ya san shafin da zan yi magana a kai. Farin fili ne, da baƙaƙen haruffa manya, da koren maɓalli guda ɗaya da ke cewa ka fara. Babu hoton minista yana murmushi, babu hotuna masu zagayawa da kansu, babu rubutun da ke gudu a saman allo. Da ganin farko za ka ɗauka ba a kashe masa ko sisi ba. Amma a watan Afrilun 2013, gidan adana kayan zane da ƙira na Landan ya ba wannan shafi, GOV.UK, kambun ƙirar da ta fi kowace kyau a shekarar, ya sha gaban dogon benen nan na Shard da kaskon wutar gasar Olamfik ta 2012. Jaridar Daily Mail ta yi wa zaɓen ba'a, ta ce shafi ne mai gundura.

Abin da ya sa na ɗauko wannan lamari shi ne wata tambaya da ke yawan tasowa idan kamfanin da ke sayar da kayan tallafa wa masu naƙasa, irin su sandar makafi, na'urar rubutun makafi ko na'urar ƙara ji, ya tashi sabunta shafinsa na intanet. Mai kamfani yana son shafi na zamani kada a ce an bar shi a baya, kuma yana tsoron kada kwalliyar ta kori abokan cinikinsa, waɗanda yawancinsu da kunne ko da yatsa suke karatu. GOV.UK ba kamfani ba ne, amma babu inda aka yi wannan aiki a fili, aka rubuta dalilin kowane mataki har da kurakurai, kamar can.

Yadda abin yake kafin gyara

Kafin 2012 gwamnatin Birtaniya tana da manyan shafuka biyu, Directgov na jama'a da Business Link na 'yan kasuwa. Ban da su, kowace ma'aikata da hukuma tana da nata, ɗaruruwa, kowanne da launinsa da tsarinsa. An jera bayanai bisa yadda gwamnati ta raba ofisoshinta, don haka kafin ka sami abin da kake nema sai ka fara sanin wace ma'aikata ce ke da alhakinsa.

Ga mai ido wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga makaho kuwa wahala ce ta gaske, kuma sai an san yadda yake karanta shafi za a gane dalili. Yana amfani da manhajar karanta allo, wadda ke furta abin da ke shafin da murya ko ta tura shi zuwa na'urar rubutun makafi. Fitattu su ne JAWS ta kamfanin Freedom Scientific, da NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙira suke bayarwa kyauta, da VoiceOver a kayan Apple, da TalkBack a wayoyin Android. Manhajar ba ta ganin allo. Ginin da ke ƙarƙashin shafin take bi: nan kanun magana ne, nan mahaɗi ne, nan gurbin rubuta suna ne. Makaho ba ya zama ya saurari shafi tun daga sama har ƙasa. Tsalle yake yi daga kanu zuwa kanu, kamar yadda mai ido ke wurga ido. Idan mai ƙira ya ƙara wa rubutu girma kawai don ya yi kama da kanu, bai yi masa alamar kanu a cikin ginin ba, to ga makaho babu kanu a wurin. Hoton da ba a rubuta masa bayani ba, manhaja sai ta ce "hoto" ta wuce, ko ta karanto sunan fayil mai lambobi barkatai. Kowane sabon shafin ma'aikata tamkar baƙon gida ne da sai ya lalubi bangonsa daga farko kafin ya san inda ƙofa take.

A 2010 Martha Lane Fox, wadda gwamnati ta ɗora wa aikin jawo jama'a ga intanet, ta rubuta wa minista Francis Maude rahoto. Ta ce faci ba zai yi ba, a rushe a sake, a tattara komai a adireshi ɗaya. Daga nan aka kafa hukumar ayyukan gwamnati ta intanet, GDS, a 2011, ƙarƙashin Mike Bracken. Wata ƙaramar tawaga da Tom Loosemore ya jagoranta ta gina samfurin gwaji cikin kimanin makonni 12, aka buɗe shi a watan Mayun 2011.

Samfurin nan ya sha yabo, ya kuma sha suka, kuma sukar ta dace: cikin gaggawa ba a kula da masu naƙasa yadda ya kamata ba. Wannan tuntuɓe ya fi komai muhimmanci a labarin a wurina, domin shi ne ainihin kuskuren da masu sabunta shafi ke yi, wato a gama ƙira tukuna, sannan a zo a liƙa wa masu naƙasa nasu daga baya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A zagaye na biyu an jawo ƙwararru cikin aikin tun yana ɗanye, cikinsu har da Léonie Watson, wadda ita kanta makauniya ce mai amfani da manhajar karanta allo kullum. An ƙaddamar da GOV.UK ranar 17 ga Oktoba, 2012, ya maye gurbin Directgov da Business Link. Zuwa bazarar 2013 ma'aikatu 24 sun koma ciki, sauran hukumomi fiye da 300 suka biyo baya zuwa ƙarshen 2014.

Kalmomi aka fara gyarawa

Mutane kan zaci sauƙaƙa shafi ga masu naƙasa aikin masu rubuta manhaja ne kaɗai. A GOV.UK babban kaso na aikin marubuta ne suka yi shi, ƙarƙashin Sarah Richards. Suka ɗauki dubban shafuka suna tambayar kowanne: wa ke buƙatarka, me yake son yi? Wanda ba shi da amsa aka jefar. Wanda ya rage aka sake rubuta shi da Turancin da yaro ɗan shekara 9 zai iya karantawa, jimla ba ta cika wuce kalma 25 ba, amsa tana zuwa a layin farko.

Lauyoyi da manyan jami'ai da dama ba su so ba, suna ganin an rage wa maganar hukuma kwarjini. Amma a duba wa abin ya amfana. Mai larurar da ke sa haruffa su riƙa cuɗe masa, da kurman da yaren hannu ne harshensa na farko, da baƙon da ya koyi Turanci da girma, da matar da mijinta ya rasu jiya tana neman yadda ake rajistar mutuwa hankalinta ba a kwance ba. Shi kuma makaho, duk kalmar banza da aka bari sai kunnensa ya ɗauke ta kafin ya kai ga abin da ya zo nema.

Salon haruffan ma da tarihinsa. Ben Terrett, shugaban sashen ƙira, ya ɗauko su daga allunan kan hanya na Birtaniya, waɗanda Margaret Calvert da Jock Kinneir suka zana tun daga ƙarshen shekarun 1950 domin direba ya karanta su yana gudu, cikin ruwa ko hazo. Haruffan da suka ci wannan jarrabawa ba za su gagari tsoho mai raunin gani ba. Aka ba su girma, aka taƙaita faɗin layi zuwa kimanin haruffa 75 don kada ido ya ɓace wajen komowa layi na gaba. Hasali ma kyan da alƙalan 2013 suka gani daga nan ya fito: fili, tsari, da haruffa masu kyan gani.

Inda aikin ya fi zurfi: fom

A wurin cike fom ne shafi ke nuna halinsa, kuma nan ne GDS ta fi daɗewa tana koyo.

Na farko, tambaya ɗaya a kowane shafi. Maimakon doguwar takarda mai gurabe talatin, sai a tambaye ka abu guda, ka amsa, ka danna, a kawo na gaba. Akwai masu cewa wannan yana tsawaita aiki. Sai dai ga wanda ya ƙara girman allonsa har yana ganin ɗan yanki kaɗan a lokaci guda, ko mai saurin mantuwa, ko mai ƙaramar waya, tambaya ɗaya ita ce daidai abin da zai iya riƙewa. Idan an yi kuskure ma nan take ake gane inda yake.

Na biyu, ranar haihuwa. Shafukan zamani suna son ɗan kalandar da ke buɗewa ka zaɓi rana, ko jerin da ke saukowa ka gangara neman shekararka. Kyan ɗan maciji ne. A ɗakin gwaji an ga mutane suna fama da jerin nan, wasu ba su san ana gangarawa ba, wasu suna ƙoƙarin yin rubutu a ciki, mai karkarwar hannu kuma yana zaɓar abin da bai yi niyya ba. Sai aka koma gurabe uku, rana da wata da shekara, ka rubuta da kanka. Ai babu mai buƙatar kalanda kafin ya tuna ranar da aka haife shi.

Na uku, yadda ake sanar da kuskure. Ba a wadatu da mayar da gurbi ja ba, domin a Birtaniya kusan namiji 1 cikin 12 ba ya bambance wasu launuka, makaho kuwa ba ya ganin ko ɗaya. Ana fito da akwati a saman shafi da ke faɗin akwai matsala, a lissafa ta da kalmomi, manhajar karanta allo ta fara da nan, kuma danna kowace matsala yana kai ka gurbin da za ka gyara.

Akwai wani gyara da aka bayyana a 2020 wanda nake son masu ƙira su yi nazarinsa. A harshen gina shafuka akwai wani nau'in gurbi da aka tanada musamman don lambobi, kuma kowane littafin koyarwa zai ce shi za ka sa. GOV.UK ta yi shekaru tana amfani da shi. Da aka gwada da mutane, sai aka gano cewa masu amfani da Dragon, manhajar da wanda ba ya iya amfani da hannu ke yi wa magana ta rubuta, ba sa iya shifta a cikinsa. NVDA kuma tana nuna shi a jerin gurabe ba tare da suna ba. Ga shi kuma juya tayar linzamin kwamfuta bisa kuskure na iya canza lambar da ka rubuta ba ka sani ba. Sai aka watsar da shi, aka koma gurbin rubutu na yau da kullum, da umarnin cewa waya ta fito da madannan lambobi. A takarda gurbin farko daidai yake da ƙa'ida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rawaya da baƙi

Wanda ba ya iya riƙe linzami, da maɓallin Tab yake yawo a shafi, daga mahaɗi zuwa mahaɗi. Dole ya ga inda ya tsaya. Masu ƙira da yawa suna goge wannan alama saboda a ganinsu tana ɓata kwalliya, wanda daidai yake da kashe wa mai tafiyar dare fitila. GOV.UK tun farko tana nuna ta da wani launi tsakanin rawaya da ruwan lemo. Da ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafukan intanet ga masu naƙasa, WCAG 2.1, suka fito a watan Yunin 2018, suka ce irin wannan alama sai ta bambanta da abin da ke kewaye da ita wajen haske da duhu da ma'aunin aƙalla 3 bisa 1, sai aka ga rawaya a kan fari ba ta kai ba. A 2019 aka sake ta: rawaya mai haske tare da baƙin layi mai kauri a ƙasa. A kan farin fili baƙin ne ke fitowa, a kan fili mai duhu rawayar ce. Ga rubutu na yau da kullum kuwa ƙa'idar 4.5 bisa 1 ce, kuma ita ce ke kayar da tokatokan haruffan nan sirara da ake yayi.

Haka kuma an gina shafin yadda zai yi aiki ko da ƙarin manhajar JavaScript ba ta sauka ba. Wani awo da GDS ta yi a 2013 ya nuna mutum 1 cikin 93 ba ya samun ta, yawanci ba don ya kashe ba, sai don layi ya yanke ko burauzar ta gaza. Duk wanda ya taɓa cike fom da ragowar data a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ya san darajar wannan. Terence Eden, wanda ya yi aikin gwamnati, ya ba da labarin wata budurwa da ya gani a ofishin tallafin gidaje a Landan da kayanta a jaka, tana karanta shafin tallafin haya na GOV.UK a kan tsohuwar na'urar wasa ta PSP. Burauzar na'urar ba ta da ƙarfi ko kaɗan, amma shafin ya buɗe.

Gwaji da mutane, gwaji da inji

A 2016 GDS ta tambayi masu amfani da kayan tallafi me suke amfani da shi, mutum fiye da 700 suka amsa. Masu manhajar ƙara girman allo sun kai yawan masu manhajar karanta allo, kowane ɓangare kusan kashi 30 cikin 100, sai masu magana da kwamfuta da masu manhajar sauƙaƙa karatu. Wannan ya gyara wani zato da ya zama ruwan dare, cewa da an gamsar da makaho an gama. Mai ƙara girman allo buƙatarsa daban ce: yana son suna ya zauna dab da gurbinsa, kada saƙo ya fito a can gefen da ba ya kallo.

Shekara ta gaba suka yi wani gwaji mai ban sha'awa. Suka gina shafi da gangan, suka cusa masa matsaloli fiye da 140, suka sakar masa manhajoji 10 masu binciken kurakurai da kansu. Wadda ta fi ƙoƙari ba ta gano rabi ba, kuma akwai matsaloli da dama da babu ko ɗaya da ta gani. Inji zai gaya maka hoto ba shi da bayani, amma ba zai gaya maka bayanin da aka rubuta shirme ba ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna a kasuwar yau. Akwai kamfanonin da ke tallar cewa ka liƙa ɗan layi ɗaya a shafinka, wani maɓalli mai hoton mutum ya fito a gefe, shi ke nan shafi ya gyaru. A watan Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sanar cewa ɗaya daga cikinsu, accessiBe, zai biya dala miliyan 1 kan iƙirarin da ya yi cewa manhajarsa na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idojin WCAG. Makaho ya riga ya zo da manhajarsa da ya saba da ita, ya saita ta yadda yake so. Abin da yake nema shafin da aka gina daidai. Idan kamfanin da ke sayar da kayan makafi ya ɗauki irin wannan maɓalli, abokan cinikinsa ne za su fara ganewa, kuma da wuya su sake yarda da shi.

Me kamfani zai ɗauka daga nan

Ba ina cewa kowane kamfani ya mayar da shafinsa kamar na gwamnati ba. Mai sayar da kaya yana buƙatar hotuna da launin da za a san shi da shi, kuma babu abin da ya hana. Hoton na'ura ya zo da bayanin girmanta da nauyinta da inda maɓallanta suke, domin mai saye ba zai gan ta ba. Bidiyon nuna yadda take aiki ya zo da rubutaccen zance don kurame, kuma kada ya fara da kansa ya danne muryar manhajar makaho. Littafin bayanin na'ura ya kasance shafi ne da ake karantawa, ba hoton takarda ba. A bi hanyar biyan kuɗi daga farko har ƙarshe ba tare da taɓa linzami ba kafin a buɗe wa jama'a. Idan kuma shafin da Hausa ne, a sa alamar harshe a gininsa, a tabbatar haruffan da aka zaɓa suna da ƙ da ɗ da ɓ, don kada su fito a karkace ko su zama akwatuna. GDS ta buɗe kundin ƙirarta ga kowa a 2018, da bayanin binciken da ke bayan kowane gurbi da maɓalli, ana iya ɗauka kyauta. Kuma irin wannan kamfani yana da abin da GDS sai da ta fita nema: masu gwaji suna nan cikin abokan cinikinsa, sau da yawa har cikin ma'aikatansa. A biya su ladan lokacinsu.

Abin da bai gyaru ba

Doka ta zo daga baya ta ƙarfafa aikin. Ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 23 ga Satumba, 2018 sun wajabta wa hukumomin gwamnati cika matakin AA, wato matakin tsakiya, na WCAG: sababbin shafuka zuwa Satumban 2019, tsofaffi zuwa Satumban 2020, manhajojin waya zuwa Yunin 2021. Kowace hukuma kuma sai ta wallafa sanarwar da ke faɗin inda shafinta ya gaza.

Duk da haka akwai ƙorafin da ban ga an kawar ba. Ƙwararru, irin su akantoci da lauyoyi, sun daɗe suna cewa tattara komai wuri ɗaya ya sa bayanai masu zurfi sun yi wuyar samu. Wannan gaskiya ne, kuma makaho ma yana iya zama lauya. Babban ciwon kuwa takardun PDF ne. Tun 2018 GDS ke roƙon ma'aikatu su daina wallafa su, domin ba sa daidaita da girman allo, ba a iya canza musu launi cikin sauƙi, wasu ma hoton takarda ne kawai da manhaja ba ta jin komai a ciki. Amma dokar ta yafe wa waɗanda aka wallafa kafin 23 ga Satumba, 2018, sai dai in ana buƙatarsu wajen neman wata hidima, kuma suna nan jibge da yawa. A ƙarƙashin irin waɗannan takardu za ka ga ɗan rubutu da ke cewa mai yiwuwa fayil ɗin bai dace da masu amfani da kayan tallafi ba, tare da adireshin da za a rubuta a nemi wani kwafin. Mai ido ya danna ya karanta cikin minti ɗaya. Makaho sai ya aika wasiƙa, ya faɗi irin manhajar da yake amfani da ita, ya zauna jiran amsa.